Giradiyan: Daga Gangaren Duwatsun Kazaure Zuwa Cikin Wayarka

Idan kana haɗa fosta a Canva ko PixelLab, ka san maɓallin nan da aka rubuta wa "Gradient", wanda ke sa ja ya riƙa narkewa a hankali har ya koma ruwan ɗorawa. Ɗalibin da ke shirin WAEC ko NECO ya san kalmar a darasin lissafi, inda ake ba shi miƙaƙƙen layi a ce ya nemo ta. Injiniyan hanya na amfani da ita, mai hasashen yanayi ma haka, kuma masu ƙera ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT ba su da kalmar da suka fi ambata kamarta. Mutane da yawa sun ɗauka suna ne kawai ya zo ɗaya. A gaskiya tambaya ɗaya dukkansu ke yi: idan na matsa gaba da taku ɗaya, nawa abin ya canza? Asalin kalmar ma daga Latin take, daga kalmar da ke nufin taku.

Mu fara da ƙasa, don nan ne ido ke gani. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Babura, ranar da ya shiga yankin Kazaure da Roni zai ji bambanci a ƙafarsa, saboda tuddai da duwatsu. Abin da ƙafar ke aunawa shi ne giradiyan, wato tsananin hawa ko gangara. Lissafinsa bai da wuya: ka raba tsayin da ka hau da nisan da ka ci gaba. In ka yi mita 100 gaba, ƙasa ta ɗaga da mita 5, giradiyan ɗin ya zama 5 cikin 100, ko 1 cikin 20. Wannan shi ne harafin m a cikin y = mx + c da ake haddacewa a sakandare ba tare da an gaya wa yara me yake nufi ba.

Ka lura, tsayin tudu daban, tsananin hawansa daban. Dutse mai tsayin mita 50 zai iya hawuwa cikin sauƙi in hanyar ta bi a hankali, gaɓar rafi mai mita 3 kuma ta gagari mai babur. Magina sun san wannan tun kafin boko. Maginin da ke daɓen banɗaki a Achilafiya in ya ce "a ba shi gangara," giradiyan yake nema. Kwata mai tsawon mita 10 da aka sauke ƙarshenta da santimita 20 tana da kashi 2 cikin 100, kuma ruwa zai bi. In aka yi ta a kwance, ruwa zai kwanta, sauro ya samu gida. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da irin wannan 'yar gangarar yake bin magudanai har gonakin Kadawa.

Jirgin ƙasa ya fi kowa tsoron hawa. Ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta kama hanya kamar tayar roba, ga kaya masu nauyi a bayansa. Shi ya sa masu shimfiɗa layin dogo ke ƙoƙarin kada hawa ya wuce kashi 1 ko 2 cikin 100. A Ingila akwai wani hawa da ake kira Lickey, wajen 1 cikin 38 ne kawai, amma ya yi suna a matsayin hawa mai tsanani ga jiragen ƙasa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ya ratsa ta Ɗambatta da Kazaure da Daura. Duk inda ka ga ma'aikatan irin wannan aiki suna yanka tudu suna cike kwari, neman rage giradiyan suke yi.

Akwai wani tarko a nan da ya shafi aljihunka. Ana auna gangara ta hanya biyu, da kashi cikin ɗari da kuma digiri, kuma ba ɗaya suke ba. Kashi 100 cikin 100 ba ya nufin bango a tsaye, digiri 45 ne kawai, wato mita ɗaya gaba, mita ɗaya sama. Kashi 10 kuwa bai kai digiri 6 ba. Wayarka na da na'urar da ke jin karkatarta, ita ce ke juya allo idan ka kwantar da wayar, kuma manhajojin awon gini da ita suke aiki. Yawancinsu digiri suke nunawa. To a ce za ka ɗora faifan sola. Kazaure na tsakanin digiri 12 da 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka ƙa'idar da aka saba bi ita ce faifan ya fuskanci kudu, a karkace da kusan digiri 13. Wannan ya kai kashi 23 cikin 100. Faifai mai tsawon mita 2, sai a ɗaga gefensa na arewa da wajen santimita 45. Wanda ya rikita ya yi kashi 13, ya samu digiri 7 da 'yan kai, kuma faifan da ya kusa kwanciya ya fi tara ƙura, ruwan sama ma ba ya wanke shi sosai. Ka ɗora wayarka a kan faifan ka duba kafin mai aiki ya sauko daga rufi.

Yanzu mu cire ƙasa mu sa lokaci a wurinta. Ka sayi data, da ƙarfe 8 na safe kana da MB 1,000, da ƙarfe 12 na rana saura 600. MB 400 sun tafi cikin awa 4, wato 100 a kowace awa. Wannan ma giradiyan ne, mai gangarowa. Amfaninsa shi ne hasashe: in ka ci gaba a haka, ƙarfe 6 na yamma za ta ƙare. Ragowar data na gaya maka inda kake ne kawai, giradiyan kuwa na gaya maka inda ka dosa.

Sai dai ba wanda ke cin data daidai wa daida. Awa ɗaya a WhatsApp ba ɗaya take da awa ɗaya a TikTok ba. In ka zana abin a takarda, layin zai lanƙwashe, kuma kowane wuri a jikinsa na da tasa gangarar. Neman giradiyan a daidai wani lokaci guda shi ne aikin reshen lissafin da ake kira kalkulas, wanda Isaac Newton da Gottfried Leibniz suka samar a ƙarni na 17. Allurar da ke nuna gudu a babur wannan aikin take yi. Ba ruwanta da nisan da ka riga ka yi, saurin da kake yi a wannan daƙiƙar take faɗa.

Cajin batiri misali ne mai kyau. Batirin waya na cika da sauri a farko, in ya kai wajen kashi 80 sai wayar ta rage wutar da ke shiga don kada ya lalace. Saboda haka idan kamfani ya ce wayarsa na kai kashi 50 cikin minti 30, bai yi ƙarya ba, amma ya zaɓi wurin da layin ya fi miƙewa ne ya tallata. Kada ka ninka ka ce awa ɗaya za ta cika. Ni a ganina, a wurin masu caji da janareto, zaman jiran kashi 95 ya zama 100 ɓata lokaci ne in akwai inda za ka.

A yanayi ma haka abin yake. Zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 na ma'aunin Selshiyos a duk kilomita ɗaya da ka hau sama. Jos ta fi Kano tudu da kusan mita 700, wannan kaɗai ya isa ya kawo bambancin digiri 4 zuwa 5. Iskar hunturu kuma na tasowa ne saboda nauyin iska a Sahara ya fi na kudu, sai ta gangaro kamar ruwa, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. In bambancin ya yi tsanani, iskar ta yi ƙarfi.

To ina launi ya shigo? Allon waya na haɗa kowane launi daga ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255 a yawancin alluna. Launi mai narkewa, irin na tambarin da Instagram ya koma a 2016, lambobin nan ne ke hawa ko sauka daga ɗigo zuwa ɗigo. Daga baƙi zuwa fari a faɗin ɗigo 1,080, haske na ƙaruwa da mataki ɗaya a kusan kowane ɗigo 4. Kyamara kuma akasin haka take nema. Manhajar da ke ɗaukar hoton takarda, irin CamScanner, tana gane gefen takardar ne ta wurin da haske ya yi tsalle farat ɗaya, wato inda giradiyan ya yi tsanani. Shi ya sa farar takarda a kan farin tayil ke rikita ta. Ɗora takardar a kan darduma mai duhu, za ka ga ta kama gefen nan take.

Inda kalmar ta fi aiki a yau shi ne koyar da kwamfuta. Ka ɗauka kana saman wani dutse a Roni, dare ya yi, hazo ya rufe, kana son sauka kwari. Ba ka ganin komai, amma ƙafarka na jin ɓangaren da ya fi gangara. Sai ka yi taku ɗaya can, ka sake lalube, ka sake takawa. Haka ake horar da manhajar da ke gane fuskarka ko take hasashen kalmar da za ka rubuta. Tsayin dutsen shi ne yawan kuskuren da take yi. Ana nuna mata misali, a auna kuskurenta, a lissafa ɓangaren da kuskuren ya fi raguwa, a gyara lambobinta kaɗan, a maimaita sau miliyoyi. Bafaranshen nan Augustin-Louis Cauchy ya bayyana dabarar tun 1847, ba kwamfuta ba waya. A 1986 David Rumelhart da Geoffrey Hinton da Ronald Williams suka wallafa aikin da ya yaɗa hanyar lissafa wannan gangara a tsarin da ke kwaikwayon ƙwaƙwalwa, kuma Hinton ya samu kyautar Nobel a 2024.

Girman takun shi ne abin da ke ba masu shirya manhaja ciwon kai. In ya yi ƙanƙanta, horon ya ƙi ƙarewa, kuɗin wuta da na kwamfuta su yi ta tafiya. In ya yi girma, ka tsallake kwarin ka dira a tudun da ke gaba. Mai saukowa daga dutse gabas da yamma da kudu da arewa kawai yake lalubawa. GPT-3, wanda ya fito a 2020, lambobi biliyan 175 gare shi, kuma a kowane taku sai an lissafa wa kowacce ɗaya tata gangarar.