Ƙaurar Malam-Buɗe-Littafi: Darasin Kimiyya a Bayan Makaranta

A duk shekara, daga watan Satumba zuwa Nuwamba, malam-buɗe-littafi kan yawaita a gonaki da fadamun Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu. Wasu a nan aka ƙyanƙyashe su, wasu kuwa baƙi ne daga nesa.

Fitacce a cikin matafiyan shi ne wanda masana ke kira Vanessa cardui. Fukafukansa ruwan goro ne, bakinsu baƙi da ɗigo-ɗigon fari. Idan sanyi ya gabato a Turai, sai ya tsallako Bahar Rum da hamadar Sahara, ya sauka a yankinmu na Sahel a lokacin da ciyawa take shar. A nan yake yin ƙwai, ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta zama malam-buɗe-littafi cikin kimanin wata guda. Da ciyawa ta bushe sai 'ya'yan su gangara kudu. Kafin bazara ta kankama, jikokinsu sun juya arewa. Zagayen yakan kai kilomita 12,000 zuwa 14,000, kuma zuriya bayan zuriya ce ke kammala shi. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa yawan wanda ke isa Turai ya danganta da yalwar tsirrai a Afirka ta Yamma.

Akwai kuma wani, fari ko rawaya, wanda tsutsarsa ke cin ganyen rai-ɗore da danginsa. Shi a cikin Afirka yake yawonsa.

Zangon karatu na farko ya dace da lokacin isowar waɗannan baƙi. Malami ya fita da ɗalibai da hantsi zuwa wuri guda, sau ɗaya a mako. Su ƙirga abin da suka gani cikin minti 15, su rubuta launinsa, da inda ya dosa, da tsiron da ya sauka a kai. Littafi da fensir sun wadatar, kuma kada a kama ko ɗaya.

Muna tunatar da manoma cewa waɗannan ba su ne uwayen tsutsar da ta addabi masara tun 2016 ba, domin uwar waccan da dare take tashi. A tuntuɓi malamin gona kafin a yi feshi.

Muna kira ga sakatarorin ilimi, shugabannin makarantu, hakimai da dagatai da su ƙarfafa wannan aiki, su kuma ja hankalin jama'a game da ƙona daji barkatai, wanda ke hallaka tsirran da waɗannan halittu ke rayuwa a kansu.