Foka: Zaman Tsaba, Gasa, da Rabon Mai Gida

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Arewa, domin tun zamanin da wuri yake kuɗi akwai waɗanda sukan keɓe a bayan kasuwa su watsa shi a ƙasa, su duba nawa ya kife nawa ya buɗe. Da Nasara suka zo karta ta karɓi wurin, daga baya kuma tikitin LONANI da na sukuwar dawakin Faransa suka biyo sahu, har aka wayi gari mutumin da bai taɓa wuce Doso ba yana zaune da biro yana lissafin dokin da zai zo na ɗaya a filin sukuwar Faris. Yau kuwa wayar hannu ta kawo wani sabon nau'in karta har cikin fadar samari, watau foka, kuma ta kawo ta da ado mai ɗaukar ido: tebur mai koren mayafi, mutane cikin natsuwa kamar masu shari'a, da tulin kuɗi a gaban wanda ya yi nasara. Ɗakunan da ake wannan wasa ba a Dogon Dutsi suke ba, ba a Matankari ko Tibiri ba, amma tun da hotunansu sun iso gare mu, kuma masu tallarsu suna cewa wannan ba caca ba ce, ilmi ne da basira, ya wajaba mai karatu ya san haƙiƙanin yadda suke tafiya kafin ya gaskata ko ya ƙaryata.

Asalin wasan daga Amurka yake, inda ya bunƙasa a farkon ƙarni na 19 a birnin Niyu Olins da cikin jiragen ruwa na kogin Misisifi. Jihar Nebada ta halatta caca a dokarta a 1931, birnin Las Begas ya ginu a kan haka, kuma a 1970 wani mai gidan caca da ake kira Benny Binion ya tara gwanayen zamaninsa a gidansa, Horseshoe, ya kafa gasar duniya wadda har yanzu ake yi kowace shekara. Nau'in da ya rinjayi sauran shi ne na Tekzas: mai rabo zai ba kowa karta biyu a rufe, sa'an nan ya buɗe biyar a tsakiyar tebur, uku tare, sai ɗaya, sai ɗaya, kowa ya haɗa nasa da na tsakiya ya fitar da biyar mafi ƙarfi. A tsakanin haka ana zubi sau huɗu, kuma a kowane zagaye mutum yana da zaɓi: ya ajiye kartarsa ya haƙura da abin da ya riga ya zuba, ko ya biya daidai da na abokinsa, ko ya yi ƙari. A nan ne burga take aiki, domin mai kartar banza yana iya yin ƙari mai tsoratarwa har mai kartar kirki ya janye ya bar masa tulin.

Abin da ya bambanta foka da sauran wasannin gidan caca shi ne cewa mai gida ba ya karawa da kowa. Ya ba da ɗaki da tebur da mai rabo da 'yan kwabban roba waɗanda ake zubi da su a madadin kuɗi, 'yan wasa kuwa junansu suke ci. Zaman kuma iri biyu ne. Na farko shi ne zaman tsaba, inda kowane kwabon roba yake daidai da kuɗin da aka rubuta a kansa, mutum ya zauna sa'ad da ya so, ya tashi sa'ad da ya so, in abin gabansa ya ƙare ya sa hannu aljihu ya sayo wani, ba kuwa wanda zai ce masa ya isa. Na biyu shi ne gasa, inda kowa yake biyan kuɗin shiga daidai wa daida, a ba kowa kwabbai adadi ɗaya waɗanda ba su da wata daraja a wajen ɗakin, zubin dole ya riƙa hauhawa bisa ƙayyadadden lokaci domin kada wani ya zauna yana jira, wanda nasa suka ƙare ya fita, a yi ta tafiya haka, wani lokaci kwana da kwanaki, har mutum ɗaya ya tattare kome. A zahiri gasa ta fi sauƙin hasara tun da an san iyakar abin da za a biya, sai dai gidaje da yawa sun buɗe ƙofar sake shiga, ta yadda wanda aka kora da hantsi yana iya biyan sabon kuɗi ya komo kafin azahar, kuma ya maimaita.

To, ma'abota wannan sana'a suna da ma'auninsu na gwada ɗaki da ɗaki, kuma sukan yi muhawara a kansa da irin tsananin da dillalan dabbobi suke yi a kan kasuwar da ta fi ciniki. Sukan duba yawan tebura, domin ɗakin da yake da tebur uku ba ya ba mutum damar sauya wuri in zaman bai yi masa ba, alhali gidan Commerce da ke kusa da Los Anjalas yana da tebura fiye da 200, kuma gidan King's da ke ƙauyen Rozbadob na ƙasar Cek, daf da iyakar Jamus, ya zama matattarar Turai har ya fara karɓar reshen gasar duniya a 2017. Sukan duba ƙwarewar masu rabo da saurin hannunsu, da adalcin shugaban ɗaki in jayayya ta taso, da amincin wurin ajiyar kuɗi. Masu manyan dukiya sukan nufi Bellagio ko Aria ko Wynn a Las Begas, inda ake da keɓaɓɓun ɗakuna na zubi mai nauyi. A nahiyarmu kuwa sunan da ya fi fita shi ne gidan Es Saadi na Marrakish a Maroko, wanda aka buɗe a 1952, kuma gasarsa takan jawo 'yan wasa daga Faransa da Sifen. Mai son gasa yana tambayar kwabbai nawa ake farawa da su da minti nawa zubin dole yake ɗauka kafin ya hau, saboda in ya hau da sauri basira ba ta samun fili, sai sa'a tsagwaronta.

Amma akwai ma'auni guda wanda ya rinjayi waɗannan duka, kuma shi ne wanda nake so mai karatu ya tsaya a kansa. In gwani ya ce ɗaki kaza ya fi ɗaki kaza kyau, galibi abin da yake nufi shi ne cewa a can ne ake samun sababbin shiga da 'yan yawon buɗe ido da waɗanda suka sha suka yi tatil, masu zuba kuɗi ba lissafi. Gwani ba ya neman gwani; teburin da ƙwararru tara suka kewaye ba shi da amfani ga ko ɗayansu. Saboda haka sukan zaɓi daren ƙarshen mako da lokutan hutu, sukan tsaya su karanci tebur kafin su zauna, su gane wane ne bai san abin da yake yi ba, har su nemi kujerar da ke hagunsa domin su riƙa yin zubi bayan sun ga nasa. Ashe ke nan kyawun ɗaki a wurinsu yana daidai da yawan waɗanda za a ci a cikinsa, kuma duk wanda ya ji ana yabon wani ɗaki da cewa kuɗi suna da sauƙin samu a ciki, alhali shi bai shekara goma yana nazarin wasan ba, to ya sani cewa kuɗinsa ne ake siffantawa.

Sa'an nan a zo ga rabon mai gida, wanda shi ne ba ya fashi. A zaman tsaba yakan cire la'ada daga kowane tuli kafin a miƙa wa wanda ya ci, a wurare da yawa har kashi 10 cikin 100 zuwa wata iyaka da aka yanka. Abin yakan yi kamar ƙanƙani a ido, amma bari mu buga misali da kuɗinmu. Mutum tara sun zauna, kowa da jika 100, watau jika 900 a kan tebur. Mai rabo mai hannu yakan raba wajen sau 30 a sa'a guda. In gida ya ɗauki jika ɗaya tak a kowane rabo, cikin sa'a goma ya kwashe jika 300, sulusin dukiyar teburin ke nan, ba tare da ya riƙe karta ko ɗaya ba. Sauran sulusi biyun ne mutum tara za su yi ta kokawa a kansu. A gasa kuwa tun daga bakin ƙofa ake cire nasa, kafin a buɗe kwalin karta.

Lissafin babbar gasar duniya ya isa hujja. Kuɗin shigarta dalar Amurka 10,000 ne tun 1972, abin da ya kai wajen miliyan 6 na sefa. A 2003 wani akawu mai suna Chris Moneymaker, wanda ya samu kujerarsa ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan 2.5, kuma labarinsa ya yi wa wasan talla irin wadda kuɗi ba sa saye, har a 2006 masu shiga suka kai 8,773. A 2023 sun kai 10,043, Daniel Weinman ya ɗauki dala miliyan 12.1, hotonsa ya zaga duniya. Abin da hoton bai nuna ba shi ne cewa daga kowace dala 10,000 an cire 700 domin gida da ma'aikatansa, jimla sama da dala miliyan 7, kuma mutum wajen 1,500 ne kawai suka samu wani abu. Sauran fiye da 8,500 sun koma gida ba ko anini.

Ba zan yi musun cewa akwai ƙwarewa a cikin foka ba, domin gaskiya ce akwai, kuma wanda ya san hisabi, ya iya karanta mutane, ya mallaki zuciyarsa, zai rinjayi jahilin wasan in zama ya yi tsawo. Sai dai ƙwarewar ba ta haifar da dukiya. Tana kwashe ta ne daga aljihun wani zuwa na wani, bayan gida ya yagi nasa. Kuma ko gwanin ba ta lamunce masa kome ba. Stu Ungar, wanda da yawa daga masana wasan suke ɗauka ba a yi kamarsa ba, ya ci babbar gasar a 1980 da 1981 da 1997, miliyoyi suka ratsa ta hannunsa, amma a Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki mai araha a Las Begas, caca da ƙwaya sun cinye kome. Abin lura ne kuma cewa masarautar Monako, wadda gidan cacarta na Monte Karlo ya fi kowane shahara a Turai, ta haramta wa 'yan ƙasarta yin wasa a cikinsa, ta bar shi ga baƙi.

Malamanmu ba su bar wannan babi a duhu ba. Maisir ɗin da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara, aya ta 219, sa'an nan ya yanke hukuncinsa a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, asalinsa ƙuri'a ce da Larabawan jahiliyya suke yi da kibiyoyi goma a kan naman raƙumi, bakwai masu rabo, uku marasa rabo. Illar da aka bayyana kuwa ita ce ƙiyayya da gaba tsakanin mutane da shagaltuwa daga ambaton Allah da salla. Ɗalibin da ya kai ƙarshen Risala ta Ibn Abi Zaid ya tarar da hanin wasan nardi, ya kuma tarar da halaccin tsere na dawaki da raƙuma da harbi, tare da bayanin wanda ya halatta ya fitar da kyautar. Ƙa'idar da fuƙaha'u suka tsaya a kai ita ce, in kowane ɗan takara ya zuba nasa a kan sharaɗin wanda ya ci ya kwashe, wannan ƙimari ne, watau caca, ko da akwai gwaninta a ciki. In kuwa kyautar ta fito daga hannun wani na dabam, hukuncin ya sauya. Muna da misalin wannan a gabanmu. Tun da aka fara gasar takobin kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, hukuma da attajirai da masoya ne suke ba da kyauta, kuma sa'ad da Issaka Issaka na jihar Doso ya ɗauki takobi, babu ɗan kokowar da ya koma garinsu ya tarar an sayar da gonarsa domin a biya sarkin kokowa. Gasar foka kuwa, duk da sunan gasa da ta ara, kyautarta kuɗin waɗanda aka kayar ne.

Damuwata ta fi tsanani ga saurayin da ya sayar da dankalinsa na lambun Dogon Dutsi, ko ya komo daga cirani a Kwatano ko Legas da ɗan abin da ya tara, ko yake tara kuɗin kabu-kabu yana fatan aure bayan kaka, domin shi ba sai ya nemi biza ya tafi Marrakish ba. Ɗakin ne ya zo masa cikin aljihu. Foka ta waya ta fi ta tebur sauri ninki biyu ko uku, mutum yana iya buɗe tebura da yawa lokaci guda, la'ada tana fita a kowane rabo, kuma babu fuskar da zai duba balle ya karanci burga. A ɗaya ɓangaren kuwa akwai waɗanda wannan ce sana'arsu dare da rana, suna da manhajojin kwamfuta masu adana kowane zubi da abokin karawa ya taɓa yi, su fitar musu da halinsa cikin alƙaluma: sau nawa yake shiga, sau nawa yake janyewa in an matsa masa, da yadda yake rikicewa bayan ya yi hasara. Kafin ya gama koyon wace karta ce ta fi wata, su sun riga sun sa wa sunansa alama, kuma da zarar ya bayyana a wani tebur sai su yi layi suna jiran kujera.