Shin Duniyarmu Kwaikwayon Kwamfuta Ce? Abin da Dokokin Fiziks Suka Nuna da Abin da Ba Su Nuna Ba

Gabatarwa

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi, Dambatta da Kunchi, gona tana jingine da gona, kuma da wuya a ga filin da aka bari ya huta. Manomi yana kai taki da rani, ya jira ruwan shuka, ya haɗa gero da dawa da wake a fili ɗaya. Mai irin wannan rayuwa bai taɓa shakkar cewa ƙasa ƙasa ce ba, yunwa kuma yunwa ce. Amma ɗansa yana da waya a hannu, kuma a cikinta akwai bidiyoyin da ke cewa masana kimiyya sun gano duniyar nan ba ta gaske ba ce, wai shiri ce da ke gudana cikin wata babbar kwamfuta, mu kuma kamar mutanen cikin gem muke.

Wata rana bayan sujada wannan matashi zai iya tare mu ya ce, "Baba Fasto, in haka ne, me ya sa zan damu da abin da na aikata?" Idan muka kore shi da tsawa, zai koma wurin wayarsa. Idan muka ba shi amsar da ba mu tabbatar ba, zai gane. Saboda haka ya kamata mu san ainihin maganar, da inda take da ƙarfi, da inda take da rauni.

1. Mene ne kwaikwayon kwamfuta?

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Masu binciken aikin gona a Jami'ar Bayero ta Kano da cibiyar IITA sun yi amfani da wata manhaja mai suna DSSAT don gano lokacin da ya fi dacewa a shuka masara a arewacin Nijeriya. Ana ba kwamfuta bayanin irin ƙasa, ruwan sama na kowace rana, zafi, hasken rana, irin da aka shuka da takin da aka sa. Sai ta lissafa yadda masarar za ta girma rana bayan rana har girbi. Cikin ɗan lokaci takan noma damina masu yawa. Haka ma hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, take dogara da lissafin kwamfuta wajen faɗin lokacin da ake sa ran faɗuwar damina. Wannan shi ne kwaikwayo: a rubuta ƙa'idojin da abu yake bi da lissafi, a bar na'ura ta bi su.

Mu riƙe abu biyu daga nan. Na farko, gonar ce ta riga manhajar. Sai da aka auna gonaki na gaske kafin a koya wa kwamfuta. Na biyu, masarar cikin kwamfuta ba ta shiga rumbu, ruwanta kuma ba ya jiƙa kunya ko ɗaya.

2. Daga ina maganar ta fito?

Shakkar ko abin da muke gani gaskiya ne tsohuwa ce. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya tambayi kansa ko farke da muke ciki ba wani irin mafarki ba ne. René Descartes na Faransa ya yi irin wannan tambaya a 1641. A 1969 injiniyan Jamus Konrad Zuse, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙera kwamfuta, ya ba da shawarar cewa sararin samaniya duka yana aiki kamar na'urar lissafi. Fim ɗin The Matrix na 1999 ya kai ra'ayin gidajen mutane.

Wanda ya tsara hujjar sosai shi ne Nick Bostrom, masanin falsafa ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya rubuta a kanta a 2003 yana Jami'ar Oxford. Ya ce dole ɗaya daga cikin abubuwa uku ya zama gaskiya. Ko dai 'yan adam za su ƙare kafin su iya ƙera kwamfutar da za ta kwaikwayi mutane masu tunani. Ko kuwa za su iya amma ba za su so yin haka ba. Ko kuma za su yi, su yi da yawa, har mutanen kwaikwayo su ninka na gaske nesa ba kusa ba. In na ukun ne, to ya fi yiwuwa mu ma muna cikin na kwaikwayon. A 2016 attajirin nan Elon Musk ya ce yiwuwar muna cikin duniya ta asali ɗaya ce cikin biliyoyi, maganar kuwa ta bazu.

Mu lura: Bostrom bai ce ya tabbatar da na ukun ba. Hujjarsa kuma ta ƙidaya ce, ba ta gwajin kimiyya ba. Tana tsaye a kan wani zato, cewa idan kwamfuta ta lissafa aikin ƙwaƙwalwa daidai, za a samu wani a ciki mai ji da sanin kansa. Ba wanda ya nuna haka. Masanin falsafa John Searle ya ƙi wannan zato tun 1980, da irin misalin da muka bayar: kwaikwayon hadari ba ya jiƙa kowa.

3. Alamu huɗu da ake kawowa daga fiziks

Alama ta farko: dokokin halitta na lissafi ne. Faɗuwar dutse, tafiyar wata da gudun wutar lantarki duk ana rubuta su da gajerun ƙa'idoji, kamar umarnin manhaja. Wannan gaskiya ne, kuma abin mamaki ne. Eugene Wigner ya yi rubutu a kan wannan mamaki a 1960. Amma mu duba wanne ya riga wanne. Kwamfuta tana iya kwaikwayon duniya ne domin duniya tana da tsari, ita kanta kwamfutar da waɗannan dokoki aka ƙera ta. Hoto ya yi kama da mai shi, amma ba ma cewa mutum ne ya kwaikwayi hotonsa.

Alama ta biyu: akwai iyakar sauri. Haske yana tafiyar kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, hasken rana yana iso mu cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi, kuma ba saƙon da ke wuce wannan sauri. Sai a ce ai iyakar ƙarfin na'urar ke nan. Amma tun 1905 Albert Einstein ya bayyana wannan iyaka a matsayin yadda wuri da lokaci suke haɗe, ba tare da buƙatar wata na'ura ba. Lissafinsa ne ake amfani da shi wajen gyara agogon taurarin ɗan adam na GPS. Ra'ayin kwaikwayo bai ƙara ko lamba ɗaya a kan wannan lissafi ba.

Alama ta uku: halitta ɗigo-ɗigo ce. A 1900 Max Planck ya gano cewa makamashi yana fita ne gutsure-gutsure. Daga nan wasu suka ce sarari ma yana da ƙananan gidaje kamar ɗigon hoton waya idan aka zuƙo shi. Wannan ita ce alamar da ake iya gwadawa. A 2012 masana uku, Silas Beane, Zohreh Davoudi da Martin Savage, sun nuna cewa in sarari layi-layi ne kamar gidajen dara, ya kamata a ga alamarsa a ƙwayoyi masu tsananin ƙarfi da ke zuwa daga samaniya. Har yau ba a ga wannan alama ba. A watan Mayu na 2009 kuma madubin hangen nesa na Fermi ya kama hasken fashewar da ta auku can nesa, wanda ya yi tafiyar shekaru fiye da biliyan 7. Wasu ra'ayoyin sarari mai ɗigo sun yi hasashen cewa haske mai ƙarfi zai makara, amma mai ƙarfi da mai rauni sun iso a tsakanin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Wannan bai rufe kowace ƙofa ba, amma ya nuna sarari sumul yake iyakar awonmu.

Alama ta huɗu: a kimiyyar kwantam, ƙwaya ƙarama kamar elektron ba ta da tsayayyen wuri sai an auna ta. Sai a ce haka gem yake yi, ba ya zana ɗaki sai ɗan wasa ya shiga, don a rage wa na'ura aiki. Akwai kuskure biyu a nan. Awo a fiziks ba ya buƙatar idon mutum. Haɗuwar ƙwayar da na'ura ya isa. Sannan kwantam ba ya rage aiki, ƙara shi yake yi. Mu ɗauki ƙwayar gero ɗaya mu riƙa ninka ta: 2, 4, 8, 16. Haka lambobin da ake buƙata suke ninkuwa da kowace ƙwayar kwantam da aka ƙara. Ƙwayoyi 300 kawai da suka sarƙe da juna suna buƙatar lambobi fiye da yawan ƙwayoyin zarra da ke duk sararin da muke iya hangowa. Shi ya sa Richard Feynman ya nuna tun farkon shekarun 1980 cewa kwamfuta irin tamu ba za ta iya wannan aiki yadda ya kamata ba.

4. Matsalar da ta fi girma

Mai wannan ra'ayi zai iya cewa kwamfutar can ta fi tamu ƙarfi, dokokin duniyarsu ma daban ne. To, in haka ne, fiziks ɗinmu ba zai iya gaya mana komai game da ita ba, hujjar da aka fara da ita ta faɗi ke nan. Idan an ga ɗigo a ce shaida ce, idan ba a gani ba a ce an ɓoye shi da gwaninta, to ra'ayin ya fita daga hannun gwaji. Abin da ba a iya ƙaryata shi da kowane awo ba binciken kimiyya ba ne, ko da yana da daɗin tattaunawa.

Tarihi ma yana yi mana gargaɗi. A zamanin da agogo ya fi kowace na'ura burgewa, masana a Turai sun ce duniya agogo ce. Da wayar tarho ta zo, aka kamanta ƙwaƙwalwa da ofishin haɗa waya. Yau kwamfuta ce a hannunmu. Kwatanci yana taimakon fahimta, amma Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.

5. Inda maganar ta taɓa aikinmu

Akwai jarabar da za mu guje wa, wato mu hau bagade mu ce masana sun yarda akwai Mahalicci. Mai shirya manhaja na Bostrom ba Allah ba ne. Halitta ne mai iyaka, yana aiki da na'urar da ya tarar, cikin duniyar da bai yi ba, kuma tambayar wa ya yi shi tana nan. Yana iya zama mai sakaci ko mai neman nishaɗi kawai. Ikkilisiya kuwa tana shaida Allah wanda ya yi kome daga babu, yana kuma riƙe da shi kowane lokaci, kamar yadda Kolosiyawa 1 da Ibraniyawa 1 suke koyarwa. Duniya ta dogara ga Allah, amma dogara ba ƙarya ba ce.

Ikkilisiyar farko ta sha fama da makamancin wannan. A ƙarni na 2 wasu sun koyar cewa wani ƙaramin allah ne ya ƙera duniyar da ake gani, ceto kuma shi ne a san asiri a tsere daga cikinta. Waɗansu suka ce jikin Almasihu kama ce kawai. Ignatiyus na Antakiya ya yi tsayayya da masu cewa jikin kama ce, Ireniyus, bishop na Lyon, ya rubuta amsa mai tsawo wajen shekara ta 180. Sun tsaya a kan cewa halitta mai kyau ce bisa ga Farawa 1, Almasihu ya ɗauki jiki na gaske bisa ga Yohanna 1, ya kuma ci abinci a gaban almajiransa bayan tashinsa bisa ga Luka 24.

Mu kuma bambanta abu biyu da mutanenmu sukan haɗa. Mu da maƙwabtanmu Musulmi duk muna wa'azin cewa duniya mai wucewa ce. Mai wucewa ba ɗaya take da ta bogi ba. Damina tana wucewa, amma wanda bai yi noma ba zai ga gaskiyarta a rumbunsa. Saboda rayuwar nan ta gaske ce shi ya sa akwai ranar ba da lissafi.

Kammalawa

Ga abin da za mu iya gaya wa matashin nan da zuciya ɗaya. Masana ba su gano cewa duniya kwaikwayo ce ba. Abin da dokokin fiziks suka nuna shi ne duniya tana da tsarin da hankali ke iya bi, gwajin da aka yi don neman ɗigon na'ura kuma bai same shi ba. Mu yaba masa da ya yi tambaya, mu ƙarfafa shi ya karanta kimiyya da kyau. Idan kuwa mun ji yana cewa ba abin da yake ji kamar gaske ne, har ya daina damuwa da ransa, wannan ba lokacin muhawara ba ne. Mu zauna da shi, mu jawo iyalinsa, mu nema masa likita. Sauran kuma mu tuna musu cewa yunwar gwauruwar da ke maƙwabtaka da su ba hoto ba ce, mudun geron da za su kai mata ma haka.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ka bayyana abubuwa uku na Bostrom da kalmominka. Wane zato ne hujjar take tsaye a kai?
2. Me ya bambanta Mahalicci da mai shirya manhaja?
3. Yaya za ka bayyana wa zumuntar matasa bambancin duniya mai wucewa da duniyar bogi, da misali daga gonakin garinku?