Hasken Peugeot 504 ya dushe? Duba waya kafin ka sayi ƙwan LED

Duk wanda ya tuƙa Peugeot 504 da daddare a hanyar Kaduna zuwa Zariya ya san yadda fitilarta ke komawa kamar aci-balbal idan sabuwar mota ta tunkaro. Motar ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma an shafe shekaru ana haɗa ta a kamfanin PAN da ke Kaduna, shi ya sa har yanzu akwai masu riƙe da ita suna lallaɓawa. Yawancinsu da sun ga haske ya ragu sai su nufi kasuwa neman ƙwan LED. Sau da yawa ba ƙwan ne ke da laifi ba.

A tsofaffin motoci, wuta kan taso daga batir ta ratsa makunnin da ke jikin sitiyari kafin ta isa fitila. Waya ta tsufa, mahaɗai sun yi tsatsa, sai wutar ta ragu a hanya. An ƙera ƙwan halojin ne don ya yi aiki a kan volt 13.2, kuma idan wutar ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, hasken kan faɗi da kusan kashi 30. Ka sa mai wayarin ya auna wutar a bakin ƙwan, injin na aiki. Idan ta gaza, ya sa rile biyu da fis, ɗaya na dogon haske, ɗaya na gajere, su ɗauko wuta kai tsaye daga batir. Ya kuma kankare wayar da ke haɗe da bodi.

Sai ƙwan kansa. Fitilun farko suna amfani da R2 mai wat 45/40, wanda ke ba da lumen 860 a dogon haske. H4 na halojin mai wat 60/55 yana ba da 1,650. Gindinsu ba iri ɗaya ba ne, don haka ka ciro naka ka tafi da shi shago. Kada ka taɓa gilashin sabon ƙwai da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana. Ka guji mai wat 100/90, zafinsa yana narkar da soket da makunni.

LED fa? An tsara kwanon da ke cikin fitila ne don ya tattara haske daga ɗan siririn zaren ƙwai da ke wuri guda. Idan LED bai zauna daidai wannan wurin ba, haske zai watse, ya kashe wa mai tahowa ido, kai kuma ba ka ga nesa ba. Lokacin hazo abin ya fi muni. Idan kwanon ya yi tsatsa ko ya dushe, babu ƙwan da zai gyara shi, sai canji. In za ka sayi fitilar tokumbo, ka tabbatar ba ta Ingila ba ce, domin haskenta hagu yake karkata, wajen masu tahowa.

Daga ƙarshe ka saita. Tsayar da motar a wuri mai shafe, mita 10 daga bango, ka kunna gajeren haske. Iyakar hasken ta sama ta sauka kimanin santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar.