Tafasa Da Rai-Ɗore: A San Bambancinsu

Da kaka ta yi, kwanson tafasa da na rai-ɗore su kan bushe tare a bakin gonaki da kan juji a ƙasar Pauwa, har Faskari da Sabuwa. Dangin juna ne, furensu duka rawaya. Amma ganyen tafasa abin miya ne da kwaɗo, ƙwayar rai-ɗore kuwa dafi ce.

Ga yadda a ke rarrabe su. Ganyen tafasa shida ne a kowane sili, biyu biyu, bakinsu a zagaye. Na rai-ɗore su kan kai takwas ko goma, masu tsini, in an murza sai wari. Kwanson tafasa siriri ne, dogo, ya lanƙwashe kamar lauje. Na rai-ɗore ya fi gajarta da faɗi, tsakiyarsa baƙi-baƙi.

Akuya, ko saniya, ko doki, ko kaza, in ta ci ƙwayar rai-ɗore da yawa sai zawo da kasala, ta kwanta ta kasa tashi, wata har ta mutu. A Indiya ma, cikin 2007, likitoci sun bayyana cewa cin 'ya'yansa ya kashe yara.

Saboda haka a tuge shi tun bai yi 'ya'ya ba, kada ya shiga harawa. A hana yara wasa da kwanson. Dabbar da ta ci, a kai ta wurin malamin dabbobi da gaggawa.