Rigakafi a lakwal da maganar iyaye

A shekarar 2010 aka fara yi wa ƴan shekara 1 zuwa 29 sabuwar allurar sanƙarau a Nijar. Idan masu allura za su zo lakwal, darakta yakan sanar da iyaye tukuna. Uban da ke shakka yana iya tambayar likita, a amsa masa cikin mutunci, don tsawa ba ta kawar da tsoro.

Karnen rigakafi kuwa takardar gida ce, malami ba ya karanta ta gaban aji. Haka ma a sansanin ƴan gudun hijira, inda cunkoso ke yaɗa ƙyanda da sauri. Uwar da ta baro karne garin gudu, sai a tambaye ta a keɓe, a ba ta sabo.