Cutar Mantuwa Ta Gado: Me Ya Sa Take Gaggawa Ga Wani, Ta Jinkirta Wa Wani?

Kowa ya san ruɗewar tsufa. Amma akwai wata mantuwa wadda ba ta jiran furfura. Takan kama magidanci yana ɗan shekara 40 ko 50: ɗan kasuwa ya kasa lissafin da ya saba yi da ka, direba ya ɓata a hanyar da ya daɗe yana bi, a ƙarshe har sunayen 'ya'yansa su kuɓuce masa. Idan aka bincika, wani lokaci sai a tarar haka mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka yi. Nan da nan mutane su ce sammu ne, ko iska. Likitoci kuwa sun gano cewa a irin waɗannan gidaje gado ne.

Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, shi ne ya fara bayyana cutar a 1906, bayan ya duba wata mata da ta ruɗe tana da shekara 51. A 1991 da 1995 masana suka gano ƙwayoyin halitta uku, watau APP da PSEN1 da PSEN2, waɗanda idan ɗaya ta sami tangarɗa sai wani abu mai suna amiloyid ya riƙa taruwa a ƙwaƙwalwa, sannu a hankali ƙwayoyinta su riƙa mutuwa. Wannan iri na gado bai kai kashi ɗaya cikin 100 na masu cutar ba.

Gadonta ya sha bamban da na sikila. Sikila sai uwa da uba sun haɗu sun ba ɗa. Wannan kuwa ɗayansu kaɗai ya isa, kuma kowane ɗa, namiji ko mace, rabi da rabi ne: ko ya ɗauka ko ya tsira. Wanda bai ɗauka ba, ba zai ba 'ya'yansa ba. Saboda haka kada a ɗora laifin a kan auren zumunci.

Darasi daga Kolombiya

A lardin Antioquia na ƙasar Kolombiya, a Kudancin Amurka, akwai wata zuriya mai mutum wajen 6,000, kusan 1,200 daga cikinsu suna ɗauke da tangarɗar PSEN1. Marigayi Dokta Francisco Lopera ya shafe shekaru kusan 40 yana bin su gida-gida. Galibinsu mantuwa takan fara musu wajen shekara 44, su ruɗe sosai wajen 49.

To, ga abin mamaki. A 2019 aka ba da labarin wata mata cikin zuriyar wadda ta ɗauki tangarɗar, amma hankalinta bai taɓu ba sai da ta haura 70. Da aka bincika sai aka tarar ta gaji wani nau'i na ƙwayar APOE mai suna Christchurch daga uwa da uba duka, ya zame mata garkuwa, ko da yake ƙwaƙwalwarta cike take da amiloyid. A 2023 kuma aka sami wani namiji wanda ya kai 67 lafiya lau, shi kuwa wani canji a ƙwayar da ake kira Reelin ne ya kare shi. Watau ƙwaya ɗaya ce take kawo cutar, amma waɗansu ƙwayoyin su ne suke sa ta sauri ko ta jinkirta. Yanzu masu bincike suna neman maganin da zai kwaikwayi wannan garkuwa.

Mu ma nan Nijeriya muna da abin da muka koya wa duniya. Daga 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, ciki har da marigayi Farfesa Osuntokun, suka haɗa hannu da na Indiyana a Amurka, suka gwada tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis. Wannan mantuwar tsufa suka duba, amma darasin ɗaya ne: ƙwayar APOE4, wadda take ƙara haɗarin cutar a can, tasirinta a Ibadan bai kai haka ba.

Abin da ya kamata a yi

Ya kai ɗan'uwa mazaunin Agege ko Sabon Ibadan, idan labari ya zo maka daga gida cewa wane ya fara ruɗewa, kada kuɗinka su ƙare wajen boka. Akwai masu kama da wannan cuta waɗanda suke da magani, kamar ƙarancin bitamin B12, da ciwon maƙoƙo, da tunjere, da tsananin damuwa. Hawan jini ma yakan lalata ƙwaƙwalwa idan aka ƙyale shi. Mutanen Tungan Maje, garin nan da motocinmu suke ratsawa tsakanin Gwagwalada da Zuba, suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, kusa da su. Nan kudu kuwa akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, da na Aro a Abekuta, da UCH a Ibadan. Ka gaya wa likita wa da wa suka yi irin ciwon a gidanku, da shekarun da ya fara musu.

Har yanzu babu maganin da yake warkar da ita, sai masu rage mata kaifi. Amma sanin gaskiya da wuri yakan ba mutum damar rubuta basussukansa da wasiyyarsa tun hankalinsa yana tare da shi, ya kuma hana a zargi kishiya ko maƙwabci a banza. Mara lafiyar kuwa haƙuri yake bukata, ba mari ko ɗauri ba. Allah ya ba mu lafiya, amin.